Peugeot 504 ta mahaifina tana mutuwa idan ta yi zafi: in gyara kafiretar ko in sauya ta?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsofaffin motoci. Ina riƙe da Peugeot 504 ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, haɗin Kaduna, mai injin lita biyu da kafireta (abin da ke haɗa mai da iska ya kai wa inji) ƙirar Solex mai maƙogwaro biyu. Da safe bugu ɗaya take tashi, amma idan rana ta take na shiga cunkoson cikin gari, sai silonta, wato gudun inji lokacin da ba a taka totur ba, ya riƙa hawa da sauka, ta fara baƙin hayaki, daga nan ta mutu, kuma ba ta sake tashi sai na buɗe bonet ta sha iska. An sauya fulogi da kwantak (ɗan ƙarfen da ke buɗewa da rufewa don wuta ta je fulogi), an kuma wanke kafiretar, amma matsalar tana nan. Makanikena ya ce in zaɓi ɗaya cikin uku: a gyara wadda ke kai, ko a sayo sabuwa ta China, ko a ɗora ta motar Japan wadda ya ce ba ta shan mai. Ba na son in lalata motar, kuma ba ni da kuɗin gwaji.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ni ma tawa ta wahalar da ni lokacin hunturu, kullum da asuba sai yara sun tura ta, ashe batir ne ya gaji. Ka sayi sabon batir ka huta.

Ɗan Mabera: Na gode, Alhaji, amma tawa da safe lafiya lau take, da zafi ne take mutuwa.

Tsohon Direban Illela: Ɗana, kada ka bari kafiretar nan ta kwana a gareji ba ka wurin. Na yi shekaru ina jigila tsakanin Sakkwato da Illela da 504 doguwa, kuma abin da ya raba ni da ita ke nan. Ta fara mutuwa da zafi kamar taka, wani makanike ya ce in bar masa ita zuwa washegari. Da na dawo na tarar da kafireta tana ƙyalli, ya ce wanki ne ya fito da ita. Ashe ya cire Solex ɗina ta asali ya ɗora mini wata. Ko da ta tashi silo bai zauna ba, sai ya ɗauki waya ya sossoke jet ɗin, wato ƙaramar kafar da mai ke bi a cikin kafireta, wai don mai ya wuce, daga ranar motar ta zama rijiyar fetur, abin da nake samu a lodi ɗaya ba ya mayar da kuɗin mai. Na koma, ya rantse bai taɓa komai ba. Ƙarshen abin, wata rana bayan mun wuce Gwadabawa da fasinja cike, mai ya malalo ta saman kafiretar ya zuba kan injin mai zafi, wuta ta kama. Da ƙasa muka kashe ta, ina ɗiba da hannuna, wata tsohuwa tana salati tana jan jikanta ta taga. Allah ya kiyaye rai, amma wayoyi sun ƙone ƙurmus, na sayar da motar a wulaƙance, har yau ban sake mallakar tawa ba. Mutumin nan kuwa yana nan yana sana'arsa, na bar shi da Allah.

Baban Ummi: Inna lillahi. Baba, ba ka kai ƙara wajen shugabannin ƙungiyarsu ba?

Tsohon Direban Illela: Na kai. Suka ce in kawo shaidar cewa wadda na zo da ita daban ce. Wa yake rubuta lambar kafireta kafin ya shiga gareji? Yanzu duk wanda ya tambaye ni sai in ce ya ɗauki hotonta da waya, ya kuma yi mata alama da ƙusa a inda ido ba ya kai wa.

Malamin Fasaha: Baba, Allah ya mayar da alheri. Amma mu koma kan tambayar. Alamomin da aka lissafa iri biyu ne, kuma ba lallai tushensu ɗaya ba. Baƙin hayaki yana nufin mai ya fi iska yawa, abin da ke jawo shi kuwa shi ne fulot (abin da ke yawo a kan mai a cikin kafireta yana tsayar da shi idan ta cika) da ya huje ko ya yi sama, ko allurar da ke tsayar da mai ta cinye, ko cok (murfin da ke rage iska don mota ta tashi da sanyi) bai buɗe duka ba, ko matatar iska ta toshe, wanda ba abin mamaki ba ne ga motar da ta sha ƙurar hunturun Sakkwato. Mutuwa da zafi da tashi bayan an huce kuma halin kwayil ne ko kwandansa, wato kayan da ke samar da wutar fulogi, da suka gaji, ko kuma fetur ne yake tafasa a bututu da cikin kafireta, musamman a Afrilu da Mayu da zafinmu ke haura digiri 40. Idan ta mutu, kafin ta huce, ka cire wayar tsakiya ta distiribita (abin da ke raba wuta zuwa fulogi) ka kusantar da ita jikin inji, nesa da kafireta, a buga a ga ko akwai wuta; idan babu, sai a duba kwayil da kwandansa. Sannan ka cire murfin matatar iska ka leƙa maƙogwaron: idan mai yana ɗiga shi kaɗai, ambaliya ce, idan an ja totur bai feso ba, mai ne ba ya isowa. Ƙa'idar saiti kuma ita ce bawul da farko, sai kwantak a tazarar milimita 0.40, sai taimin (lokacin da wuta ke zuwa fulogi), kafireta ce ta ƙarshe.

Oga na Gareji: Malam, wannan karatun littafi ne. Ni na koyi aiki hannun wanda ya yi aiki a masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara haɗa mota a 1975, kuma da kunne nake saita silo. Abin da littafinka bai faɗa ba shi ne, waɗannan kafiretocin sun tsufa, sandar totur ta cinye mazauninta tana shan iska ta gefe, ko ka kwana kana murɗa sukurun ba za ta zauna ba. Kama sandar ka girgiza, idan tana motsi magana ta ƙare. Sabuwa ta China na sayo wa wani a naira dubu 45.

Baban Ummi: Dubu 45 a ina? Ni dubu 80 aka ce mini a nan cikin gari.

Ɗan Arkilla: Ƙanena ya sayo 'yar gwanjo ta asali a Kofar Ruwa ta Kano a dubu 60, wani kuma ya ce a Panteka ta Kaduna an nemi ya biya dubu 120. Ta China kuwa araha ba ta ado, wadda na ɗora ba ta shekara ba fulot ɗinta ya cika da mai.

Malamin Fasaha: Oga, ban musa maganar sandar totur ba, gaskiya ce, kuma mai injin dira yana iya sa mata bushi, wato zoben ƙarfe da zai cike gurbin da ya cinye. Amma iskar gefe tana rage ƙarfin mai ne, ba ta kawo baƙin hayaki. Me zai sa a kashe kuɗi kafin gwajin da ba ya cin ko kwabo?

Oga na Gareji: Wanda bai taɓa ƙona hannunsa a salansa ba bai kamata ya koya mini aiki ba.

Tsohon Direban Illela: Wanda ya cuce ni ma haka ya ce, da kunne yake aiki. A bar yaron nan ya ji ta bakin waɗanda suka yi asara.

Bakabe: Ku Sakkwatawa, ga raƙuma jibge a kara, ba kafireta ba fulogi, ku bar wahalar da kanku.

Ɗan Arkilla: Bakabe, a bari sai an gama. Ɗan Mabera, game da ta Japan, ka sani sai an ƙera mata faranti kafin ta zauna, a sake hanyar wayar totur, kuma jet ɗinta na ƙaramin inji ne. Shan mai zai ragu, amma idan ka ɗauki iyali ka hau hanyar Gusau za ka ji ba ta ja, kuma injin da mai bai ishe shi ba yana ƙara zafi. Ka kuma duba ko farantin da ke raba kafireta da zafin inji yana nan, domin wasu suna yar da shi wajen wanki.

Ɗan Mabera: To, a taƙaice in fara da gwajin kwayil ɗin ke nan, ko in nemi 'yar gwanjon tun tana samuwa?

Baban Ummi: Kafin wannan, a ina kake shan mai? Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya koma sayen lita biyu, lita uku, tanki kullum a ƙasa, famfo yana zuƙo tsatsa da laka yana kai wa kafireta.

Tsohon Direban Illela: Ka taɓo inda yake mini ciwo. Man 'yan bumburutu da ake sayarwa a galan bakin hanya, ka ɗaga kwalbar a rana ka ga abin da ya kwanta a ƙasa. Wasu har kananzir suke haɗawa a lokacin da ya fi fetur araha.

Oga na Gareji: A nan kam ba mu da saɓani. A Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai sinadarin methanol fiye da ƙima, motoci nawa suka lalace a ƙasar nan? Irin wannan man yana cin robar famfo da ta kafireta, kuma idan mota ta tsaya makanike ake zagi.

Malamin Fasaha: Matatar mai ƙarama ta roba kafin famfo tana rage dattin, amma ba ta raba fetur da abin da aka narkar a cikinsa.

Ɗan Arkilla: Ni abin da ya fi damuna shi ne litar kanta. Na je wani gidan mai da jarka mai awo, na biya kuɗin lita goma, abin da aka zuba bai kai layin ba, da na yi magana yaron ya ce jarkata ce ta buɗe. Akwai wanda ya san ofishin da ake kai irin wannan ƙara a Sakkwato, kuma an taɓa mayar wa wani da kuɗinsa?