Ko kotu za ta yafe wa yayana kuɗin shigar da ƙara?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yayana yana zaune a Amurka, ciwon baya ya raba shi da aikinsa, ya nemi tallafin naƙasa na gwamnatin tarayya amma aka hana shi. Ya bi duk matakan cikin hukumar da ke ba da tallafin, har gaban alƙalinta da kwamitin ɗaukaka ƙara, yanzu kotun tarayya kaɗai ta rage. An ce masa kuɗin shigar da ƙara dala 405 ne, alhali kuɗin hayarsa ma dangi ne ke haɗawa. Akwai hanyar da za a yafe masa, ko mu haƙura?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kada ku haƙura, domin sashe na 1915 na kundi na 28 na dokokin tarayya ya ba alƙali ikon karɓar ƙarar marar hali ba tare da ya biya ba, abin da lauyoyi ke kira in forma pauperis. Zai cike fom AO 240, ko da yake wasu kotunan sun fi son mai tsawon, wato AO 239, ya bayyana abin da ke shigo masa, da ajiyarsa ta banki, da mota idan yana da ita, da haya da basussuka da waɗanda yake ciyarwa. Tun 1948 Kotun Ƙoli ta ce ba sai mutum ya rasa komai ba, ya isa a ga cewa biyan kuɗin zai hana shi ɗaukar nauyin kansa da iyalinsa. Sai dai bisa rantsuwa ake sa hannu, saboda haka ya rubuta har taimakon da kuke yi masa, don idan aka gano ƙarya a batun talaucin, doka ta ce a kori ƙarar.

Amsa ta biyu: Ni wa'adi ya fi damuna a kan kuɗin. Kwana 60 ne gare shi daga ranar da ya karɓi wasiƙar kwamitin, kuma ana ɗauka ya karɓa kwana 5 bayan ranar da ke jikinta. Ya miƙa takardar ƙarar tare da fom ɗin a lokaci guda, kada ya tsaya jiran tara kuɗi. Idan lokaci ya ƙure masa, ya roƙi ƙarin wa'adi a rubuce daga kwamitin, tare da dalili.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To yafewar ta haɗa da kuɗin lauya?

Amsa ta uku: A'a 'yar'uwa, kuɗin kotu kaɗai ta shafa. Amma yawancin lauyoyin wannan fanni ba sa karɓar komai sai an yi nasara, kuma doka ta hana ladansu na aikin kotu wuce kashi 25 cikin ɗari na tallafin watannin baya da ya taru wanda za a biya shi. Wani lokaci ma gwamnati ce ke biyan lauyan idan matsayinta bai da hujja. A ganina ya nemi lauya tun yanzu, saboda kotun ba ta sake sauraron shaidu, fayil ɗin da aka riga aka tara take dubawa ko an bi doka kuma hujjojin sun isa. Idan ta ga kuskure, galibi mayar da shari'ar take yi ga hukumar a sake zama, don haka ku shirya ci gaba da tallafa masa na wasu watanni.