Sukarin da ke ɓoye a kofin shayi

Uwargida, Zariya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Likita ya umarci maigidana ya rage sukari, kuma na daina zuba masa ko ƙwaya ɗaya a shayi, amma awon sukarin jininsa bai sauka ba. Da safe Milo da madara yake sha, a ofis kuma kofi na leda. Ina neman shawararku.

Ma'aikaciyar jinya, Kaduna: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ki duba bayan gwangwani da bayan leda, domin ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, kuma a yawancin kofin nan mai haɗe da madara sukari ne ke zuwa a farko. Garin Milo da Bournvita ma da sukarinsu suke zuwa. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 na sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha a rana, wato ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi. Zuma ma tana cikin wannan lissafi, don kada a ɗauka mafita ce. Amma ki koma wa likita da batun awon, ba shayi kaɗai ke ɗaga shi ba.

Ɗan kasuwa, Damagaram: Hajiya, ki lura da madarar gwangwani mai kauri da danƙo, domin kusan rabinta sukari ne, saɓanin madarar ruwa wadda ba a ƙara mata. Mu da muke dafa shayi a buta sau uku a zama ɗaya, da kaɗan-kaɗan muka rage, muna ƙara na'ana'a, citta da kanumfari, har baki ya saba.

Ɗalibi, Abuja: Idan Alhaji yana shiga shagunan kofi na zamani, ya ce kada a matsa masa ruwan zaƙin karamel ko banila, ya kuma zaɓi ƙaramin kofi. A 2016 ƙungiyar Action on Sugar ta Birtaniya ta samu abin sha mai zafi guda ɗaya da ke ɗauke da sukari ƙaramin cokali 25.

Uwargida, Zariya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na ɗauko ledar kofin, kuma sukari ne a layin farko. Gobe zan dafa masa ganyen shayi da citta a filas ya tafi da shi.