Katangar gidan kakanmu a Sukur ta zube: siminti ko dutse?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Gidan kakanmu na wajen uwa yana kan dutsen Sukur, ƙaramar hukumar Madagali a jihar Adamawa. Daminar bana ta zubar da gefe ɗaya na katangar, wadda duwatsu ne zalla aka jera ba laka. Kawuna ya ce mu tara kuɗi a sa bulo da siminti a huta. Raina bai kwanta ba. Me kuke gani?

Magini daga Mubi: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, kada ku kusanto da siminti. Katangar da aka jera ba laka tana barin ruwa ya bi ta tsakanin duwatsu ya wuce. Idan kuka toshe, ruwan gangare zai taru a bayanta ya ture ta gaba ɗaya. Duwatsun da suka zube suna nan, su za ku mayar. Manya a ƙasa, kowane dutse ya hau kan biyu, a cusa ƙanana a tsakiya, katangar ta ɗan karkata ciki. Ku nemi dattawan garin da suka iya jeri, aikin hannunsu ne.

Malama daga Yola: Ƙanena, ka tuna wurin ba naku kaɗai ba ne yanzu. Tun 1999 UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi, kimiyya da al'adu, ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a Najeriya, saboda fadar Hidi, wato sarkin Sukur, da gonakin da aka daddatsa da dutse a jikin tsauni, da hanyoyin da aka shimfiɗa da dutse, da wuraren narka tama. Kafin ku taɓa komai ku sanar da Hidi, sannan jami'an hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa. Ku ɗauki hotuna tun yanzu.

Wani ɗan Madagali: Kar a ga laifin kawu. Tun harin Boko Haram na 2014 mutanenmu suke gyaran gidaje da abin da ya sawwaƙa. Amma ka tambaye shi, wa zai hau da buhunan siminti a ka har saman dutsen, kuma nawa ne ladan dako?

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Zan kira kawu yau, mu je wajen Hidi tare kafin a sayi komai.