Ba Kati, Ba Zaɓe: Wa Ake Tarewa a Ƙofa?

Malam Habu, Garwa: Salamu alaikum jama'a. Alhaji Ɗanlami ya faɗi wata magana da na ga ya kamata kowa ya tofa albarkacin bakinsa a kai. Cewa ya yi a zaɓenmu na nan Kamaru duk wanda bai zo da kati mai hotonsa ba kada a bar shi ya jefa ƙuri'a, ko da sunansa na cikin rajista, ko da liman da jauro sun tsaya masa shaida. Kuma wai irin wannan doka ba ta tauye kowa sai marar gaskiya. Alhaji, ko na ƙara gishiri?

Alhaji Ɗanlami, Garwa: Wa alaikumus salam. Ba ka ƙara ba Malam, kuma ina nan kan bakana. Daga Garwa zuwa Marwa shingen jandarma nawa mutum ke wucewa? Kowanne sai ka fito da kati. Layin waya ba a ba ka sai da CNI, wato katin shaidar ɗan ƙasa. Ƙanenka ya turo kuɗi daga Duwala, ba ka karɓa sai da kati. Sai zaɓen wanda zai riƙe ƙasa shekara 7 ne za a ce kowa ya shigo da fatar bakinsa? Mu da muka ga zaɓe a shekarun baya mun san abin da aka riƙa yi. Mutum ɗaya da katin zaɓe uku a aljihu, ana ɗibar samari a mota daga wannan rumfa zuwa waccan, har wanda muka yi wa sallar jana'iza sai ka ji ya yi zaɓe. Tun da hukumar zaɓe ta ELECAM ta sake rajista da hoto da zanen yatsa a 2012 zuwa 2013 abin ya ragu, kowa shaida ne.

Hajiya Asabe, Marwa: Alhaji, kai mai shago ne, kullum kana kan hanya, dole kati ya zama abokin tafiyarka. Zo Mora ka ga matan da suka gudo daga ƙauyukan Kolofata da zanen jikinsu kawai. Takardunsu sun ƙone tare da ɗakunansu. Wasu ma ba su taɓa mallakar takardar ba balle ta ƙone. Ka je Yagwa ka tambayi waɗanda ruwan 2024 ya ci gidajensu ina takardar haihuwarsu. Waɗannan ne marasa gaskiyar?

Alhaji Ɗanlami: Hajiya, sai su je a yi musu wata. Ai ba a rufe ofis ba.

Hajiya Asabe: Da sauƙin faɗa. Bari in lissafa maka hanyar, don ni nake raka su. Kafin a yi maka rajistar zaɓe ana son CNI ko resefise, wato takardar wucin gadi da ake ba mai jiran CNI. Kafin CNI ana son takardar haihuwa da takardar shaidar zama ɗan ƙasa wadda kotu ke bayarwa, matar aure kuma a ce ta kawo takardar aure. Matar da aka haifa a ɗakin kakarta, aka ɗaura mata aure da goro da fatiha, wace takarda take da ita? Idan wa'adin rubuta haihuwa ya wuce sai kotu ta yi hukunci tukuna, a nemo shaidu, a je asibiti likita ya ƙiyasta shekaru, a sayi tambur, wato kan sarkin da ake manna wa takarda, a biya kuɗin mota zuwa da dawowa ita da shaidun, kuma sai mai gida ya yarda ta fita. Akwai wata dattijuwa a ƙungiyarmu, resefise ɗinta a ƙulle cikin leda biyu take ajiye shi a bakin zane. An buga masa hatimin ƙarin wa'adi a baya har ba sauran wurin bugawa, hoton ya koɗe sai ɗankwali kake gani. Katin kansa bai taɓa fitowa ba. In an bi maganarka, ranar zaɓe wani yaro sa'an jikanta zai kalli wannan takarda ya ce Inna koma gida.

Sadiya, Ngaundare: Ina wuninku iyayena. Baba Alhaji, a yi mini afuwa in sa baki. Abin da kake nema ya fi abin da dokarmu ta tanada tsauri. Dokar zaɓe ta 2012 ta ce mai zaɓe ya nuna katin zaɓensa kuma ya tabbatar da ko shi wane ne, amma ta ba kwamitin rumfa damar barin wanda sunansa ke cikin rajistar wannan rumfa ya yi zaɓe ko da katin zaɓen ba ya hannunsa, muddin an tabbatar shi ne. Wannan ƙofar ce kake so a toshe. Sannan ga kuɗi: CNI da ake yi a kan sefa 2,800 ya koma 10,000 tun da aka kawo sabon tsari a 2025, kuma sai an fara cike bayanai ta intanet. An yi alkawarin zai riƙa fitowa cikin awa 48, mun gode, amma magidanci mai mata biyu da 'ya'ya uku da suka kai shekara 20, jaka sittin ke nan, wato sefa 60,000, kafin a zo maganar kotu.

Alhaji Ɗanlami: 'Yata, jaka goma a katin da zai yi shekara 15. Waya nawa ce a hannun yaran nan?

Sadiya: Ba masu wayar muke magana a kai ba Baba.

Nasiru, Kusiri: Ni dai ina bayan Alhaji, kuma ku da ke Garwa da Ngaundare ba za ku gane ba. Tsakaninmu da Njamena gada ce kawai. Da safe mutum yana can, da hantsi yana nan, yarensu ɗaya da mu, kamanni ɗaya, wani ma matarsa a nan take. Haka Fotokol da Gamboru ta Najeriya. In ba kati mai hoto, ta yaya mai rumfa zai bambanta ɗan Kamaru da wanda ɗan takara ya ƙetaro da shi? Shaidar jauro? Jauron da shi ma akwai wanda yake tsoro?

Malam Habu: Nasiru, maganar jauro ka taɓo gaskiya. Amma wannan zargin na baƙi, ka san a kan wa yake fara sauka? A kanmu. Bahaushen da aka haifi kakansa a Hausare nan Garwa ko a Birikitiri ta Yawunde, ya je neman takardar ɗan ƙasa, da an ji sunansa sai a ɗaga kai a ce ko kai ɗan Najeriya ne? Kawo takardar babanka, kawo ta kakanka. Barebari da Larabawan Shuwa su ma haka. Ni ɗalibai na gani da idona an mayar da su a kan wannan. Duk ƙarin tsauri da aka yi da sunan tare baƙo, ɗan gida mai sunan Musa ko Modu ne zai fara biya.

Yusufa, Ingila: Gaisuwa ga manya. Mu nan an gwada abin kwanan nan, bari in ba ku labari. Da can a Ingila sunanka da adireshinka kawai kake faɗa a ba ka takarda. Gwamnatin Boris Johnson ta yi doka a 2022, aka fara aiki da ita a zaɓen ƙananan hukumomi na watan Mayun 2023. Hukumar zaɓensu da kanta ta ce aƙalla mutum 14,000 aka mayar saboda kati kuma ba su dawo ba. Ban da waɗanda suka san ba su da shi suka yi zamansu a gida, su ba wanda ya ƙirga. Kuma fa a nan akwai katin zaɓe mai hoto da ake bayarwa kyauta. Abin dariyar, a 2024 shi kansa Boris Johnson ya je rumfa ya manta katinsa, aka ce sai ya koma ya ɗauko.

Alhaji Ɗanlami: Madalla! Ai wannan hujjata ce Yusufa. Tsohon firaminista aka mayar, ya koma ya ɗauko ya dawo. Haka doka take. Kuma 14,000 cikin miliyoyi mene ne?

Hajiya Asabe: Shi katinsa na gida a kan tebur. Tawa dattijuwar ina za ta koma ta ɗauko?

Sadiya: Tun da an tafi waje, a Amurka aka fi yin wannan rigima, kuma ban ɓoye muku ba, akwai abin da zai yi wa Baba Alhaji daɗi a ciki. A 2008 Kotun Ƙolinsu ta amince da dokar jihar Indiyana ta kati mai hoto, alƙalai 6 suka yarda, 3 suka ƙi. Sannan wasu masana biyu, Cantoni da Pons, sun bi bayanan zaɓe daga 2008 zuwa 2018, suka ce ba su ga waɗannan dokoki sun rage yawan masu fita zaɓe yadda ake tsoro ba.

Alhaji Ɗanlami: Allah ya yi miki albarka. Malam Habu a rufe taro.

Sadiya: Ban gama ba Baba. Binciken nan dai shi ya ce ba su ga dokokin sun rage maguɗi ba. Kuma a shari'ar Indiyana, alƙalin da ya rubuta hukuncin ya yarda cewa ba a kawo wa kotu shaidar ko sau ɗaya da wani ya zo rumfa da sunan wani a jihar ba. Wani malamin shari'a, Justin Levitt, ya bi diddigi daga 2000 zuwa 2014, ya samu zargi 31 masu ƙwari cikin ƙuri'a fiye da biliyan ɗaya. Kati mai hoto sojan gona kaɗai yake kamawa, shi kuwa sojan gona da ƙuri'a ɗai-ɗai yake sata. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wa ke zaɓen irin katin da za a karɓa. A Tekzas dokar 2011 ta karɓi lasisin riƙe bindiga amma ta ƙi katin ɗalibin jami'a. Wanda ya rubuta haka ya san su wa ke da wanne. Kuma can yawancin mutane suna da lasisin tuƙi tun suna samari, shi ya sa ba za a ɗauko sakamakonsu a ɗora wa Mayo-Sava, yankin su Mora da Kolofata, ba.

Kawu Bala, Garwa: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Na taɓa zama wakilin jam'iyya a rumfa, ba zan faɗi wacce ba. Ɗanlami, ƙanena, kana gadin ƙofar gaba ɓarawo yana shiga ta katanga. Tun safe har yamma ban ga mutum ɗaya da ya zo da fuskar wani ba, unguwa ɗaya ce, duk mun san juna, ga kuma tawada a yatsa. Abin da na gani daban ne. Mu nan ba takarda ɗaya ake dangwalawa ba, kowane ɗan takara da tasa, launi daban-daban. Ka kwashe su duka ka shiga bayan labule, ka sa ɗaya a ambulan, sauran ka zuba a buhu. To akwai mai tsayawa can nesa ƙarƙashin dalbejiya, duk wanda ya fito masa da sauran takardun a aljihu ya nuna bai jefa su ba, sai a damƙa masa abin goro. Kowannensu da katinsa mai hoto garau. Shi ya sa 'yan adawa suka daɗe suna neman takarda guda. Sai kuma dare, bayan an ƙirga an sa hannu a PV, wato takardar sakamakon rumfa. Tsakanin rumfa da inda ake tattarawa, nan ne ake rigima duk zaɓe, har na 12 ga Oktoban 2025. Wane hoto ne zai raka PV a hanya?

Nasiru: Kawu, don akwai babban ɓarawo ba a barin ƙarami. A tsare duka biyun.

Kawu Bala: A tsare, ɗana. Amma in ka tare mutum ɗari masu haƙƙi don ka kama ɗaya, waɗanda ka tare ɗin ma ƙuri'a ce ka sace.

Malam Habu: Ku dubi adadi ma. Masu rajista a zaɓen 2025 kimanin miliyan 8 ne, a ƙasar da ta doshi mutum miliyan 30. Ko an cire 'yan ƙasa da shekara 20, miliyoyi ne a waje.

Alhaji Ɗanlami: Allah gafarta Malam, kada a ɗora wa kati laifin da ba nasa ba. Yaran shagona duk suna da CNI, ma'aikatan ELECAM suka zo har bakin kasuwa da na'urarsu, ba wanda ya tashi. Cewa suke an riga an san wanda zai ci. Ku duba Najeriya a 2023, can katin zaɓe kyauta ne, mutum miliyan 93 suka yi rajista, miliyan 87 suka karɓi PVC, wato katin zaɓen nasu, amma waɗanda suka fita ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Kati ne ya hana su?

Sadiya: A wannan ka yi gaskiya Baba, yanke ƙauna ya fi kati korar mutane. Sai dai wanda ya ƙi fita shi ya zaɓa wa kansa. Su matan Hajiya so suke, ba a ba su hanya ba. Ni ba na ƙin hoto. A fara kai wa mutane takardar haihuwa har ƙauye, a yi katin farko kyauta, sannan a zo a yi maganar rufe ƙofa.

Alhaji Ɗanlami: In aka ce sai kowa ya samu tukuna, har a busa ƙaho ba za a gama ba. A kafa dokar, ita za ta tilasta wa gwamnati ta raba katin.

Hajiya Asabe: Wace gwamnati ce za ta yi gaggawar raba kati ga mutanen da ba ta da tabbas za su zaɓe ta? To shi ke nan Alhaji, tun da ka ce ofis a buɗe yake. Rajista tana buɗewa a watan Janairu, ina da mata a Mora da ke jiran zaman kotu na takardar haihuwa, kowacce da shaidunta. Motarka muke so, da kuɗin tambur.

Alhaji Ɗanlami: Mota na bayar da direba. Tambur ki turo mini lissafi in gani, kada ki haɗa da na maƙwabta. Amma ranar zaɓe in ta zo ba kati, ni dai da ni ne mai rumfa, sai ta koma.

Hajiya Asabe: Allah ya sa ba kai ba ne. Lissafi na nan tafe bayan isha'i.