Dokar ajiye waya da dare: yadda ake kafa ta da inda yara ke zagayewa

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Masu yara 'yan shekara 11 zuwa 16, don Allah a taimaka da yadda ake kafa dokar ajiye waya da dare ta zauna da gindinta. Ƙarfe nawa ya dace, kuma da me ake kullewa?

Mai Gyaran Waya: Wa alaikumus salam Hajiya. In wayar Android ce, Tecno ko Infinix ko itel, Family Link na Google ya wadatar. Ki sauke shi a taki wayar, ki buɗe wa yaron asusu da shekarunsa na gaskiya, ki haɗa su. Sai ki shiga inda aka rubuta Downtime ki sa awa, misali 9:30 na dare zuwa 6:00 na safe. Da lokacin ya cika allon zai kulle, amma kira yana shiga.

Inda ake samun matsala shi ne a kafa lokaci a bar ƙofar baya a buɗe. Ki kashe damar sa manhaja daga wajen Play Store, in ba haka ba abokinsa zai turo masa ta Xender. Ki kashe damar ƙara wani mai amfani da wayar. Lambar sirrinki kuma kada ta zama shekarar haihuwarsa ko ƙarshen lambar wayarki, su yara ke fara gwadawa.

Malamin Kwamfuta: Gaskiya ne Malam, amma kada Hajiya ta dogara da saiti kaɗai. Koriya ta Kudu ta kafa doka a 2011 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasannin intanet daga 12 na dare zuwa 6 na safe. Yara suka koma shiga da lambar shaidar iyayensu, kuma dokar ba ta taɓa wasannin waya ba, har aka soke ta a 2021. Sin ta fi tsanani: a 2019 ta hana 'yan ƙasa da 18 daga 10 na dare zuwa 8 na safe, a 2021 ta rage zuwa awa ɗaya, 8 zuwa 9 na dare, ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Duk da haka sai da kamfanin wasanni na Tencent ya koma duba fuskar mai wasa da dare, saboda yara na amfani da asusun manya. In gwamnati da duk kayan aikinta ta sha wannan fama, a gida abin da ya fi aiki shi ne wayar ta kwana a ɗakin iyaye, a jikin caja. Har da tsohuwar wayar da ba ta da layi, domin tana ɗauke da bidiyon da aka riga aka sauke, kuma tana hawa intanet ɗin wayar ɗan'uwa.

Ma'aikaciyar Jinya: Ki lissafo daga asuba ki dawo baya, 'yar'uwa. Ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, ɗan 13 zuwa 18 kuwa awa 8 zuwa 10. Yaron da za a tasa 5:30 don salla, ya kamata 9:30 ta same shi a kwance in ya kai 13, ko 8:30 in bai kai ba, wayar ta bar hannunsa kamar awa guda kafin nan. A kula da garabasar datar dare da kamfanoni ke sayarwa da araha. Yaro ya yi kamar ya yi barci, ƙarfe 12 ya tashi ya ja bargo ya rufe hasken. Alamarsa gyangyaɗi a aji da saurin fushi da safe.

Yayar Marayu: Ni abin da ya fi damuna ba barcin ba ne. Da dare ne baƙo ke shigowa akwatin saƙo da hoton budurwa, ya yaudari yaro ya tura hoton tsiraici, sannan ya ce kuɗi ko ya watsa. A Yulin 2024 Meta, mai Instagram, ta sanar cewa ta rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Nijeriya kan wannan sana'a. Ku gaya wa yaranku tun yau, maza da mata, cewa in hakan ta faru ba za a doke su ba, ba za a tona su ba. Tsoron duka ne ke sa su yi shiru su biya. Kada a biya ko kwabo, mai karɓa yana dawowa. A ɗauki hoton allon saƙonnin da sunan asusun kafin a toshe shi, a kai rahoto a cikin manhajar da kuma wurin 'yan sanda. Akwai shafin Take It Down, kyauta ne ga 'yan ƙasa da 18, yana taimakawa a cire hoton ba tare da ya bar wayar ba.

Mai Gyaran Waya: Ƙari kaɗan, Hajiya. Instagram yana da asusun matasa mai rufe sanarwa daga 10 na dare zuwa 7 na safe, TikTok kuma yana sa iyakar minti 60 ga 'yan ƙasa da 18. Duka biyun da shekarun da aka rubuta suke aiki. Ki buɗe bayanan asusunsa ki duba ranar haihuwar, wasunsu kan mai da kansu 'yan shekara 25.