Haramta jam'iyya: shi ya ceci Jamus ko kuwa?

Nasiru: Salamu alaikum jama'a. Jiya a majalisarmu wani ya ce haramta jam'iyyun masu tsattsauran ra'ayi ne ya ceci Jamus ta Yamma bayan yaƙin duniya na biyu, kuma da jamhuriyar Weimar, wato gwamnatin dimokuraɗiyyar Jamus kafin Hitler, ta yi haka tun farko, da Hitler bai ko sunsuni mulki ba. Ni kam na yarda da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Zainab: Wa alaikumus salam. Yaya Nasiru, ai Weimar ta haramta. Da Hitler ya yi yunƙurin juyin mulki a Munich a Nuwamban 1923, an soke jam'iyyar Nazi, an kama shi. Kotu ta ba shi shekara 5, amma bayan hukuncin wata tara kacal ya yi a kurkukun Landsberg aka sake shi. Fabrairun 1925 jam'iyya ta dawo abinta. Kuma fa ɗan Ostiriya ne, dokar kare jamhuriya ta 1922 ta ce baƙon da aka samu da irin wannan laifi a kore shi daga ƙasa. Alƙali ya ƙi.

Nasiru: To ai kin faɗi maganata da bakinki. Sakaci aka yi wajen aiwatarwa.

Kawu Bala: Nasiru, ba sakaci ba ne, son kai ne, kuma da bambanci. Alƙalan Weimar yawancinsu gadonsu aka yi daga zamanin sarautar Kaiser, zuciyarsu ba ta tare da jamhuriyar da ke biyan su albashi. Wani masanin lissafi, Emil Gumbel, ya zauna ya ƙirga kisan siyasa tsakanin 1919 da 1922: na 'yan ra'ayin dama 354, na 'yan hagu 22. 'Yan hagun an yanke wa 10 daga cikinsu hukuncin kisa, na daman kuwa akasarinsu ko hukunci ba a yi musu ba. Sannan ka duba sashe na 48 na tsarin mulkinsu, wanda ya ba shugaban ƙasa ikon dokar ta-ɓaci. Da shi shugaban ƙasa Ebert ya kare jamhuriya a farkon shekarunta. Da shi ɗin dai magajinsa Hindenburg ya sa hannu ran 28 ga Fabrairu 1933, kashegarin gobarar majalisa, aka jingine 'yancin magana da na taro, aka kwashe 'yan kwaminis. Kafin 14 ga Yuli na wannan shekarar, jam'iyya ɗaya ce tak ta rage a ƙasar. Kai da kake son a ba gwamnati wuƙa, ka fara tambayar hannun wa za ta faɗa gobe.

Hadiza: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma a nan ina bayan Yaya Nasiru kaɗan. Waɗanda suka rubuta tsarin mulkin Jamus ta Yamma na 1949 sun ga duk wannan da idonsu, shi ya sa suka ɗauke wuƙar daga hannun gwamnati. Sashe na 21 ya ce kotun tsarin mulki kaɗai, wadda ke Karlsruhe, ke iya haramta jam'iyya. A 1951 jam'iyyar SRP ta tsofaffin 'yan Nazi ta ci kashi 11 cikin 100 a jihar Lower Saxony, shekara shida da ƙare yaƙi fa! A 1952 kotu ta rusa ta. Da an bar su, me za a ce wa duniya?

Zainab: Anti Hadiza, na yarda da ta SRP. To haramta jam'iyyar KPD a 1956 fa? KPD ta 'yan kwaminis kashi 2.2 ta samu a zaɓen 1953, ko kujera ɗaya ba ta da ita a majalisar tarayya. Mushe aka yanka. Abin da ya fi ci mini rai, cikin waɗanda aka gurfanar bayan haramcin akwai mutanen da suka sha ɗauri a sansanonin Hitler, wasu kuma a gaban alƙalan da suka yi aiki a zamanin Hitler ɗin.

Nasiru: Kada ki manta lokacin ne na yaƙin cacar baka. Daga Berlin ta Gabas KPD ke karɓar kuɗi da umarni, kuma kowa ya ga tankokin Soviet sun murƙushe ma'aikata a Jamus ta Gabas ran 17 ga Yuni 1953.

Kawu Bala: Gaskiyarka. Amma amsa mini wannan: NPD, jam'iyyar masu tsattsauran ra'ayin dama, fa? Daga 1966 zuwa 1968 ta shiga majalisun jihohi bakwai. Ba wanda ya haramta ta. A zaɓen 1969 ta tsaya a kashi 4.3, ba ta kai kashi 5 ɗin da ake buƙata don shiga majalisar tarayya ba, daga nan ta fara zagwanyewa. Masu ƙuri'a ne suka yi mata hukunci, mutanen da ke da aikin yi da abinci a tukunya. Su kuma 'yan kwaminis, a 1968 suka kafa sabuwar jam'iyya, DKP, gwamnati ta kau da kai.

Hadiza: Inda ni ma na rabu da Jamus ta Yamma shi ne 1972, wataƙila don ni malamar makaranta ce. Shugaban gwamnati Willy Brandt da shugabannin jihohi suka fitar da umarni cewa duk mai neman aikin gwamnati sai hukumar leƙen asirin cikin gida ta binciki amincinsa ga tsarin mulki. An yi bincike wajen miliyan 3.5, har da masu raba wasiƙa da direbobin jirgin ƙasa. Me mai raba wasiƙa zai yi wa tsarin mulki, don Allah? Brandt da kansa daga baya ya ce kuskure ne. Wata malama, Dorothea Vogt, an kore ta saboda tana DKP, jam'iyyar da ba a ma haramta ba, sai 1995 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce an tauye mata haƙƙi.

Nasiru: Aƙalla ta sami kotun da za ta kai kuka. A Jamus ta Gabas fa? A 1946 aka tilasta wa jam'iyyar SPD ta 'yan gurguzu masu bin dimokuraɗiyya haɗewa da 'yan kwaminis, sannan aka zo da hukumar 'yan sandan ciki ta Stasi, mai ma'aikata wajen 91,000 a 1989, ban da 'yan rahoto.

Zainab: Yaya, ka sauya layi. Ba wanda ya ce Yamma da Gabas ɗaya suke. Kai ka ce haramci ne ya cece su, ga shi tun 1956 ba a sake haramta ko jam'iyya ɗaya ba, ƙasa kuma ba ta rushe ba.

Nasiru: Ta SRP dai ban janye ba. Amma gobe in Allah ya kai mu zan koma majalisar in tambayi mutumin nan labarin NPD da zaɓen 1969, in ji ta inda zai ɓullo.