Yaya zan tsara bututun banɗaki biyu zuwa sokawe?

Mai tambaya, Mabera, Sakkwato: Assalamu alaikum. Banɗaki biyu ne jere da juna, sokawe kuma na bayan gida. Wane bututu zan saya, yaya za a shimfiɗa shi?

Mai aikin famfo: Wa alaikumus salam, Alhaji. Na masai bututun roba (PVC) inci 4 mai kauri, na wanka da wanke hannu inci 2. Gangara ita ce komai: kowace mita ɗaya bututu ya sauka santimita 2. In ya kwanta, kashi ya tsaya ya toshe. Kada ka sa kwana mai digiri 90 a ƙarƙashin ƙasa, haɗa 45 guda biyu. Inda layukan suka haɗu a gina chamba, wato ƙaramin ramin dubawa mai murfi, don ranar toshewa ba sai an fasa tayil ba.

Magini: Malam ya faɗi gaskiya. Ƙara bututun iska ya wuce rufi, ka ɗaura masa raga saboda sauro. Shimfiɗa yashi ƙarƙashin bututu, ban da dutse. Bututun da ya fito fili a shafa masa fenti, ranar Sakkwato tana busar da roba har ta tsage.

Injiniya: Kafin a rufe ramin bututu, zuba ruwa bokiti biyu a bututun ka duba kowace mahaɗa ko tana yoyo. In akwai rijiya, sokawe ya nisance ta da mita 30.